Kilo Goma Sha Biyar da Kajin Nana

Duk wadda ta ce muku zaɓen miji ne ya fi komai wuya, ku ce Torika ta ce ba ta taɓa tsayawa gaban kyamarorin cikin ruwa da sikelin banɗaki a hammata ba. Ni na tsaya. Kafin ku fara yi mini dariya a ƙasan rubutun nan kamar yadda kuka saba, ku bari in faɗa muku dalili.

Kakana Tukai ya rasu a ƙauyenmu na tsibirin Kadavu, aka hana kamun kifi a dutsen murjanin da ke gaban gari har dare ɗari, kamar yadda ake yi wa manya. Ranar wata Asabar, nan da kamar mako biyu, za a buɗe, kowa ya faɗa ruwa, abin da aka kamo a dafa a bikin cikar kwanakinsa. To a jikin dutsen nan akwai wata vasua, ƙatuwar ƙumbar teku, wadda shi da kakata Bubu suka dasa a shekarar aurensu tana kamar tafin hannu. Yanzu ta kai kwandon wanki. Bubu da bakinta ta ce a ciro ta ranar a dafa da madarar kwakwa, wai tasa ce, ta bi shi.

Sai ta kira ni ina wurin aiki, a kyamis ɗin da nake sayar da magani a Suva, babban birninmu.

"Torika, ke ce mai shiga ruwa da tukunyar iska a baya ko?"

"Ni ce, Bubu."

"Ki ɗauko mini hotonta kafin su ciro ta. Gwiwata ba ta kai ni can. Babba nake so, mai launi. Idon nan ya yi yana, in irin na wayarku ne ki riƙe abinki."

"To, Bubu."

"Leɓenta shuɗi ne da ɗigon zinariya. In na ga toka-toka na san ba ita ba ce."

Na ajiye waya na shige bayan kwalayen magani na yi kukana mai isata. Matar nan ba ta taɓa roƙona komai ba.

Matsalar ita ce hutuna ba zai fara ba sai Alhamis ta makon bikin, jirgin ruwa kuwa Talata yake tashi, da shi babana zai wuce da tabarmi da manyan kaya. Ni da mahaifiyata, Nana, sai ƙaramin jirgin sama daga Nausori, wanda ake ba kowa kilo goma sha biyar, kai ma a ɗora ka a sikeli da jakar hannunka. Juma'a kaɗai gare ni in shiga ruwa.

Yanzu bari in shigo da Ilaitia. Shi ya koya mini nutso, shekara biyu ke nan muna tare. Aikinsa ɗaukar hoton baƙi a ƙarƙashin teku a Pacific Harbour. Dogo ne, ba ya son hayaniya, ga iya dafa rogo da kifi. Aibinsa ɗaya: kyamararsa. Wata ƙatuwa ce mai gidan ƙarfe, gilashin gabanta kamar murfin tukunya, da fitilu biyu a kan hannaye dogaye kamar ƙaguwa. Na sa mata suna Ratu, sunan da muke kiran sarakai, don sai an ɗauke ta ake tafiya, ita ke fara shiga mota, kuma ba a zama kusa da ita da lemo a hannu. Tana da baƙin akwatinta, in an rufe kilo goma sha biyu cif. Na sani, don na sha ɗauka.

Ranar Lahadi bayan coci muna zaune a bakin katangar teku muna cin burodi mai kirim, na ba shi labari.

Ya ce, "Ki tafi da Ratu."

"In saka me a jikina? Ganyen ayaba?"

"Torika, ruwa yana cinye launi. Ja ne ke fara tafiya, sai ruwan goro. Gaba huɗu a ƙasa komai ya koma toka. Hoton da za a buga ya cika bango ba aikin kayan wasa ba ne."

"Wa ya ce kayan wasa zan saya?"

"Duk abin da ya shiga aljihu kayan wasa ne."

"Ba girin-girin ba dai, ta yi mai."

Ya yi dariya ya goge mini kirim a hanci. Ni kuwa na shaƙa, na ƙudura a raina sai na ba shi kunya.

A gida ma ba sauƙi. Falonmu ya koma kamar tashar kaya. Tunda aka ji za mu hau jirgi, duk mai ɗan'uwa a Kadavu ya biyo da ƙunshinsa. Kun san halinmu, in mutum ya tsaya a ƙofa ya ce kerekere, roƙon da ba a cewa a'a, sai dai ka karɓa kana murmushi. Nana na zaune a tabarma da zaninta mai furannin ja, tabarau a karan hanci, tana ɗaure kwali da tsohuwar igiyar shanya.

"Kilo nawa aka ba ki?"

"Sha biyar, Nana."

"To goma nawa ne."

"Haba Nana! Naki fa?"

"Nawa ya cika tun jiya. Yadin ankon gida, saiwar yaqona ta gaisuwar sarki, man shanu, dogon burodi. Kajina fa, a kaina zan ɗora su?"

Kajin Nana ba abin wasa ba ne. Daskararru ne, ta naɗe kowace da jarida da leda. Tunda nake ban taɓa ganin ta sauka ƙauye ba kaza ba. Shekarar da aka yi guguwa ma, gara ta bar jakar kayanta a Nausori ta yi mako da riga ɗaya.

"Shi wannan dogon naki," ta ci gaba ba ta ɗago ba, "yaushe mutanensa za su zo? Shekara biyu yana cin rogona. 'Yar gidan Litia wata shida kacal, aka kawo tabua uku."

Tabua dai kun sani, haƙorin babban kifin teku, mai igiyar kwakwa, wanda in ba shi ba a buɗe bakin neman aure a gidan mutunci. Samunsa kuma sai an sha wuya.

"Nana, hoton Bubu nake ta kansa."

"Hoto ba ya haihuwa."

Kilo biyar ya rage mini, a ciki har da kayan sawa.

Washegari na hau bas zuwa Lami, shagon Anti Shobna mai sayar da kayan nutso na hannu. 'Yar gajera ce, farin gashi a ɗaure, kullum da kofin shayi mai citta. Ta ga sikelin banɗakin da na ciro daga jaka, ta yi dariya har da riƙe kanta.

"Ke ce ta farko da ta zo da alƙalinta. Faɗa mini, me za ki ɗauka, wa zai kalla?"

Na faɗa mata. Ta daina dariya, ta jera mini abu uku a kan tawul.

Ta farko kamar kwalin ashana, na ɗora ta a sikeli ko motsi bai yi ba. Zuciyata ta ce shi ke nan. Anti ta girgiza kai. "Wannan ta masu tsalle daga kwalekwale ce. Bidiyo, faɗi, a tura wa ƙawaye. Ki buga hotonta babba ki ga yadda zai dagule kamar kunu. Idonta na ciki ƙarami ne, ba ya shan haske."

Ta biyu gida ne da ake saka waya a ciki. "In ruwa ya shiga, kin rasa hoto kin rasa waya, kin rasa lambar saurayi," in ji ta. Na ture shi gefe.

Ta uku ta cika hannu amma ba ta fi ƙarfinsa ba. Kyamara ce matsakaiciya a cikin gidanta mai haske, da wani gilashi da ake ɗaura mata a baki cikin ruwa don ta ga faɗi, da fitila guda a kan ɗan gajeren hannu.

"Idon wannan ya ninka na waccan sau da yawa. Ba ta kai ta Ilaitia ba, kada in yi miki ƙarya. Kifi mai gudu zai ba ki wahala, batir ɗinta ma ba ya daɗewa. Amma vasua gudu take yi?"

"Shekara hamsin tana wuri ɗaya."

"To. Fitilar ce ke dawo da launi, ba girman akwati ba. Ki matsa kusa. In kin ga kin yi kusa, ki ƙara matsawa. Kada inuwarki ta faɗa mata, rufe baki za ta yi. Zoben robar ƙofar nan kuma ki duba shi kamar idonki, gashi ɗaya ya kwanta a kai, ruwa ya shiga."

Muka ɗora komai a sikeli har caja: kilo uku ba kaɗan. Na lissafa, in na rataya kyamarar a wuya, fitila a aljihun rigar sanyi, zan tsira da riguna biyu da ankona. Na kwashe ajiyar da na daɗe ina yi na miƙa.

A bas na tura wa Ilaitia hotonta.

Ya rubuto: "Kyakkyawa. An yaye ta?"

Na rubuta: "Za ta yi maka tsarki da ruwan teku ranar Asabar."

"Ina jira, ranki ya daɗe."

Asabar ɗin, saura mako guda a buɗe dutsen, muka fita gwaji da kwalekwalensu. Hotuna goman farko abin kunya ne, duk farin ɗigo kamar an watsa gari, don na saita fitilar tana kallon gaba. Ya nuna mini da hannu in karkatar da ita gefe. Na karkatar. Na sami wata ƙaramar vasua a kan dutse, na kwanta a ruwa, na matsa, na ƙara matsawa, na danna.

Da muka fito na tura hoton a wayarsa. Shuɗin leɓenta kamar yanzu aka rina shi. Ya zauna a gefen kwalekwale da tawul a wuya, ya buɗe hoton da yatsu biyu, ya ƙara buɗewa, ya bi kusurwa-kusurwa kamar mai neman ƙwarƙwata.

"Yaya?" na ce ina ɗaga gira. "Ƙarama ta isa. Ka faɗa da bakinka."

"Hmm," kawai ya ce.

Ku kuwa da nake faɗa wa gaskiya, bakina ne kawai ke cika. A cikin hoto talatin, biyu suka yi kyau. Ranar Juma'a in aka yi hadari fa? In ruwa ya shiga gidan? In hannuna ya yi rawa? Vasuar Bubu ba za ta jira wani makon ba, tukunya ke jiran ta. Tsoro nake ji sosai, girman kai ya hana ni cewa Ilaitia ya taimake ni.

Ranar Talata na koma shagon Anti sayen batir na biyu. Ina jiran canji na hango wani abu a kan kantar baya, an lulluɓe da tawul, hannu ɗaya ya leƙo. A jikin hannun akwai jan ɗigon jan-farce, wanda ni na ɗiga da kaina don a daina musanya wa Ilaitia kaya a kwalekwale.

"Anti, waccan ba Ratu ba ce?"

Ta ja tawul ɗin da sauri. "Dubawa aka kawo. Sha shayinki."

Ban kawo komai a raina ba. Da yamma saƙonsa ya shigo: "Na sami kujera a jirgin Alhamis. Zan zo."

Na zauna a bakin gado ina kallon wayar. Namiji ya bi yarinya har ƙauyen ubanta ranar taro, kowa ya san sai an yi magana. Amma ni ba wannan na fara tunani ba. Abin da ya faɗo mini shi ne, ashe shi ya sa aka kai Ratu dubawa. Zai zo da ita. In tawa ta ba ni kunya, akwai babba a baya. Na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina, na rubuta masa: "Ka zo in kana so, ni dai ba na buƙatar taimako."

Sai ya tafka kuskuren da ɗan Suva kaɗai zai yi. Ya zo gaida Nana ranar Laraba, ya zauna a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa, da ladabinsa ya ce, "Nana, gobe tare za mu tafi."

Idonta ya yi haske. Abin nema ya samu.

"Kai ma sha biyar suka ba ka, ɗana?"

"E, Nana."

"Kerekere..."

Ina daga kicin ina yi masa alama da ludayi, amma ina! Ya fita daga gidanmu da kwali biyu na kaji da buhun albasa. Na bi shi har bakin titi.

"Ka haukace? Ratu fa, a ina za ta zauna?"

"Akwatin zai zo. Ki bar mini wannan."

"Ta yaya?"

"Momo Sakiusa zai raka ni, yayan mahaifiyata. Bai yi wa gidanku ta'aziyya ba. Shi ba ya tafiya da kaya."

Na ce to. Kaina ya cika da lissafin kilo, ban tsaya na tambayi kaina abin da zai sa dattijo ya hau jirgi don ta'aziyyar mutumin da bai taɓa gani ba.

Alhamis da safe ana yayyafi a Nausori. Na sa ankona shuɗi mai fararen furanni, na ɗora rigar sanyi a kai duk da zafi, fitila a aljihun dama, gilashi cikin safa a na hagu, kyamara a wuya. Na hau sikeli ina kumbure kamar mai cikin wata bakwai, ma'aikacin ya kalle ni ya kalli allo ya yi murmushi ya rubuta. Nana ta sa rigar da take zuwa coci da ita ranar Ista, har da fure a kunne. Momo Sakiusa kuwa farar riga, laktaye, da sulu, zanin da mazanmu ke ɗaurawa, mai ruwan toka an goge shi kamar zai yanka mutum. Baƙin akwatin yana gefen ƙafarsa. Ina ganin akwatin na ji sanyi a raina.

Aka gama auna kowa. Ma'aikacin ya yi ta danna na'ura, ya je ya dawo, ya share murya.

"Ku yi haƙuri, iyayena. Saboda hadarin nan matuƙi ya ƙara mai, jirgi ya yi nauyi. Sai an rage kamar kilo goma sha biyu daga kayanku. Zai biyo ku ranar Litinin."

Litinin! Kafin nan an daɗe da cinye vasua.

Ya zagayo yana duba kayanmu, idonsa ya sauka kan baƙin akwatin, wanda abokin aikinsa ya auna tun kafin mu iso. "Irin wannan ai na san su, ƙarfe ne zalla. In an bar shi kaɗai ya wadatar."

Ban san sanda na yi tsalle ba.

"A'a! Ban da wannan! Ku sauke kayan sawata, ku sauke ni ma in kuna so!"

Na cafki hannun akwatin da hannu biyu, na tattara ƙarfin ɗaukar kilo goma sha biyu na fizga. Sai ya taso sama kamar kwandon da ba komai, saura kaɗan in faɗi da baya. Wani abu ya gangara a ciki ya bugi gefe, ƙwas. Ta bakin murfin kuma wani ƙamshi ya bugo ni, na man kwakwa da hayaƙi. Duk 'yar da ta taɓa zama a bayan ɗaki ranar neman auren yayarta ta san wannan ƙamshin.

Momo Sakiusa ya karɓe akwatin daga hannuna a hankali, ya rungume shi a ƙirji, ya ɗaga kai yana nazarin silin.

Sai muryar Nana, a natse kamar tana sayen gishiri:

"Ɗana, sauke kajina."

Na juya na kalle ta. Ma'aikacin ma sai da ya sake tambaya. Ta ce duka kwali biyun, ya kai wa matarsa in ya ga dama. Ko kallon su ba ta yi ba.

Na ja Ilaitia gefe.

"Ina Ratu?"

"Wani mai jirgin yawo ya saye ta jiya a wurin Anti."

"Ka sayar? Da me za ka yi aiki?"

"Zan riƙa aron ta kamfani. Tabua ba a tsintar sa a bakin teku, Torika."

"To hoton Bubu fa? Ni fa da kai na dogara! Na zaci in tawa ta ƙi..."

Ya dube ni, ba wasa a fuskarsa ko kaɗan.

"Na buɗe hoton nan naki har ƙarshe ina neman aibi, ban samu ba. Kin ce ƙarama ta isa. Ni kuma na yarda da ke."

Ina son in rufe shi da duka, ina son in rungume shi a gaban kawunsa da mahaifiyata, ban yi ko ɗaya ba. Hawaye kawai suka zubo, na goge da hannun rigar sanyi.

A cikin jirgi gwiwata na gogar bayan kujerar Momo, shi kuma akwatin na kan cinyarsa. Ta taga ina hango kwalayen kaji biyu a kan amalanke, yayyafi na jiƙa su. Nana ta matso da bakinta kusa da kunnena saboda ƙarar inji.

"Gobe da yamma za su zauna gaban babanki. In kika ce a'a, sai kin biya ni kajina."

Na yi dariya da majina da komai. Wannan tambayar ai na san amsarta tun ranar da ya fara riƙe hannuna a ƙarƙashin ruwa. Ta safe, wato ta hoton Bubu, ita ce ke damuna. Na buɗe ƙofar gidan kyamarata, na bi zoben robar da ɗan yatsa a hankali ina neman gashi. Gobe babu Ratu a bayana. Daga ni sai 'yar ƙaramar nan, sai idon Bubu da ke jiran shuɗi mai ɗigon zinariya.